Muhawara: wane suwic ne ya dace da sandar gem a ƙurar Zariya?

Mai Gidan Gem (Samaru):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da injin gem na tsaye a shago, mai sanda biyu da maɓallai shida-shida, wanda yara ke buga Street Fighter II da King of Fighters da Metal Slug a kai. Sandar hagu ta daina kama kwana. Sama, ƙasa, hagu, dama duk suna shiga, amma in aka ja ƙasa-da-gaba sai ta ba da ƙasa kaɗai ko gaba kaɗai. Yaro ya murza hadoken, wato jifan wutar nan da ake yi da ƙasa, kwana, gaba da naushi, sai naushi kawai ya fita. Yanzu kowa gudun wannan ɓangaren yake yi, har cacar baki ake kan wa zai tsaya a dama. Sandar ba ta asali ba ce, irin ta kwaikwayo ce da ta zo da injin. Suwic zan canza ne? In canzawa ne, wane iri? Na ga akwai mai harshen ƙarfe, akwai marar harshe, ga kuma maganar kamfanonin suwic Omron da Cherry da nake ta ji. Kaina ya ɗaure.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka sayi komai tukuna. Shiga saitin injin, akwai wurin gwajin maɓallai inda kowane ɓangare ke haskawa in ya shiga. Ka tura sandar kwanar a hankali, kunnenka a kusa. Ƙas biyu, wato ƙarar kamawar suwic, ya kamata ka ji. Kwana ba ta da suwic nata, guda huɗu ne kacal a ƙarƙashin sandar, kwana kuwa biyu ne suka danne a lokaci ɗaya. In ka ji ƙas biyu amma allo ya nuna ɗaya, suwic ne ko waya. In ƙas ɗaya ka ji har sandar ta daki bango, to suwic bai yi laifi ba, ba a kai gare shi ba ne. Wannan na biyun na fi gani a injinan shago: bushin robar da ke gindin sandar, wanda ke tura suwic, ya cinye, ko kuma sukurori sun saki.

Sannan in ka buɗe ƙasa ka lura, abin a juye yake. In ka jawo sandar wajenka, gindinta gaba yake tafiya, don haka suwic ɗin ƙasa shi ne wanda ya fi nisa da kai. Da yawa lafiyayyen suke cirewa su bar mai ciwon.

Mai Gidan Gem (Samaru):
Na gwada yanzu Oga. Ƙas ɗaya nake ji, sai na danna da ƙarfi na biyun ke zuwa. A sauran kwana ukun biyun na zuwa, amma a makare, sai sandar ta kusa ƙurewa.

Auta (Gyallesu):
Yaya, ni dai shawarata ka jefar da ita ka sa sandar JLF ta asali ta kamfanin Sanwa na Japan, ka huta. Suwic ɗinta Omron ne, huɗun a like suke a bod ɗaya, waya mai baki biyar ce kawai za ka soka. Ita ce aka saba da ita a injinan Japan, ita ce a yawancin sandunan da ake zuwa gasa da su. Me ya sa za a tsaya gyaran jabu?

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Auta, kuɗin ta asali guda ɗaya, da kuɗin kawo ta Zariya, sai ya gyara masa sanduna da yawa. Kuma JLF ɗin ma bushinta roba ne, a hannun yaran Samaru sai ya cinye. Ba na musun kyanta. Amma mutum mai shago ne, ba gasa zai je ba, kuma in bai san abin da ya kashe wannan ba, haka zai kashe sabuwar.

Injiniya (Palladan):
Bari in sa baki, don ina ganin sai an fahimci cikin suwic ɗin kafin a yi gardamar suna.

Ƙaramin suwic ɗin nan ƙafa uku gare shi, an rubuta COM, ƙafar da sauran biyun ke haɗuwa da ita, da NO da ke haɗuwa in an danna, da NC da ke haɗe sai an danna ta rabu. A sandar gem COM da NO ake amfani da su, NC a bar shi haka. Wanda ya soka waya a NC zai ga ɗan wasansa na tafiya shi kaɗai, sai an danna ya tsaya. A ciki akwai siririn sifirin na ƙarfe wanda ke riƙe da bakin haɗin. Kana danna ɗan kan suwic ɗin yana tara ƙarfi, yana tarawa, sai ya kai wani wuri ya fizge gaba ɗaya. Fizgewar nan ita ce ƙas ɗin da muke ji. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wurin da yake kamawa daban da wurin da yake saki. In ya kama, sai ka dawo baya fiye da inda ya kama kafin ya saki. Haka aka ƙera shi da gangan, don kar ya riƙa rawa tsakanin kunne da kashe.

To a nan bambancin mai harshe da marar harshe yake. Marar harshe, irin na JLF, bushin ne ke dukan ɗan kan kai tsaye. Wurin dukan ƙarami ne, kuma tazarar ba ta canzawa sai in bushin ya cinye. Mai harshe, irin na Seimitsu LS-32 da sandunan Koriya, akwai faffaɗan ƙarfe a gaban ɗan kan. Harshen na rage ƙarfin da ake buƙata, yana faɗaɗa wurin da bushin zai iya taɓawa, shi ya sa kama kwana ke da sauƙi a kansu. Amma yana ƙara tsawon tafiya tsakanin kamawa da saki, kuma ƙarfe ne siriri, duka na lanƙwasa shi a hankali.

Saboda haka abubuwa uku nake dubawa a kowace sanda: nisan da take tafiya kafin ƙas, nisan da ya rage daga ƙas zuwa bango, da ƙarfin da ke mayar da ita tsakiya. Sunan kamfanin suwic bayan waɗannan yake zuwa. Matsalar Malam ta farkon ce. Tafiyar kafin ƙas ta yi tsawo har ta cinye wurin kwana.

Mai Gidan Gem (Samaru):
Allah ya ƙara basira Injiniya. Na buɗe na duba, tawa masu harshe ne, kowanne da wayarsa biyu, ba bod.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Alhamdulillahi, aikin ya zo da sauƙi. Kashe injin, ka cire filogi. Samu ƙaramin filaya mai tsinin baki. Ka kama harshen kusa da tsakiyarsa, ba wurin da yake maƙale ba, ka lanƙwaso shi wajen bushin kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ka gwada, ka ƙara in bai isa ba. Alamar ka wuce gona da iri ita ce ka saki sandar amma ba ka ji ƙas ɗin sakin ba, ko ka ɗan taɓa ta da yatsa ɗan wasa ya motsa. Kuma huɗun za ka daidaita, ba ɗaya ba. In ka gyara ɗaya ka bar uku, yara za su ce maka sandar na ja gefe.

Injiniya (Palladan):
Oga, da girmamawa, lanƙwasa da ido ita ke sa sanda ta zama kowane ɓangare da halinsa. In dole sai an lanƙwasa, a auna. A tsayar da rula a gefen dunƙulen sandar, a tura a hankali, a duba milimita nawa ta yi kafin ƙas, a rubuta na ɓangarori huɗun, a sa su zo ɗaya. Kuma ƙarfen da aka lanƙwasa sau da yawa yana gajiya. Ni na fi son a fara da bushin. In ya cinye, lanƙwasa harshe rufa-rufa ce, bayan ɗan lokaci a dawo gidan jiya.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Maganar rula na karɓa, gaskiya ce. Amma bushin sandar kwaikwayo a ina zai same shi a Zariya? Ka zaga kasuwar Sabon Gari ka tambaya ka ji. Abin da nake yi, in bushin ya cinye ta gefe ɗaya, sai in cire kilif ɗin gindi, in sa masa robar nan da ake sa wa waya a hura mata zafi ta matse, zagaye ɗaya. Tana ƙara masa kauri daidai ko'ina. Ba ta dawwama, amma kafin ta cinye saƙon sabo ya iso. Selotef ne ban yarda da shi ba, zafin bazara na narkar da gam ɗinsa ya shiga ko'ina.

Wurin cire kilif ɗin a sa hannu a tare, sifirin na ƙarƙashinsa, yana iya tsalle ya ɓace.

Baba Mai Rediyo (Tudun Wada):
Yara, ina biye da ku. Duk wannan ƙas-ƙas da kuke magana a kai daga baya ya zo. Injinan farko, irin Pac-Man na 1980 da Robotron na 1982, sandunansu ba su da wannan akwatin suwic. Siraran ƙarafa biyu ne a buɗe, kowanne da ɗan ɗigon haɗi a bakinsa, sanda ta tura ɗaya ya taɓa ɗaya. Kamfanin Wico na Amurka ya yi suna a kansu. Ba ƙara, ba fizga, kuma inda ya kama nan yake saki. Wanda ya taɓa saita kontak ɗin distiributa na Peugeot 504 ya san aikin, tazara ce kake buɗewa ko ka rage har ta yi maka yadda kake so, in ya yi datti ka goge. Ni a wurina babu suwic ɗin da ya kai shi daɗin hannu, domin kai ke gaya masa inda zai kama, ba kamfani ba.

Gogewar ma ba da samfefa ake yi ba. Farar takarda mai kauri za ka sa tsakaninsu, ka matse, ka ja. Samfefa na kankare rufin da aka yi wa ɗigon, daga nan kuma tsatsa ta samu wurin zama.

Injiniya (Palladan):
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa na cewa inda ya kama nan yake saki, shi ne babban fifikonsa, kuma har yau masu son tsofaffin wasanni na nemansa saboda haka. Sai dai a buɗe yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shagon da ke bakin titin Sakkwato a Samaru, ƙurar da za ta sauka a kan waɗannan ƙarafa ba kaɗan ba ce. Mai shago zai zama kullum yana ƙarƙashin inji da takarda. Na biyu, rashin ƙas ɗin na damun masu wasan faɗa. Mai murza hadoken da kunnensa da tafin hannunsa yake ƙirga ƙasa, kwana, gaba.

Baba Mai Rediyo (Tudun Wada):
Ƙura kam gaskiyarka, ɗana. Amma na rufen ma tana shiga ta gefen ɗan kan, kuma in ta shiga ba ka da hanyar goge ta, sai dai ka yar. Na buɗen aƙalla kana ganin ciwonsa da idonka. Ban ce Malam ya sa shi a shago ba. Na ce wanda zai haɗa inji a ɗakinsa don Pac-Man da ire-irensa ya neme shi, kuma ya mayar da sandar mai hanya huɗu, don wasan bai san kwana ba. In sanda ta ba shi biyu a tare, sai ya rikice ya ƙi juyawa a lungu.

Auta (Gyallesu):
Baba, a JLF ba sai an sayi komai ba don wannan. Farantin get ɗin da ke ƙasa, wanda ke iyakance inda sandar za ta kai, yana da ɗan tsakiya mai juyawa, ka danna shi ka murza ya koma tsaye a kan kusurwa, shi ke nan ta zama mai hanya huɗu.

Ɗan Tekken (Kongo):
Ni duk ba ku taɓo inda ke min ƙaiƙayi ba. Kuna ta maganar kamawa, ni dawowa tsakiya ce damuwata. A wasan faɗa na Tekken, naushin lantarkin 'yan wasan gidan Mishima gaba ne, tsakiya, ƙasa, sannan ƙasa-da-gaba tare da maɓalli a firem ɗaya. Wasan na tafiya firem 60 a daƙiƙa, kowane firem bai kai milisakan 17 ba. In sandar ta yi nawa wurin dawowa tsakiya, ko ta wuce ta taɓo baya, an gama. Haka ja da baya da sauri, duk a kan tsakiyar nan yake. Shi ya sa 'yan Koriya suka yi tasu sandar, irin su Crown da Myoungshin Fanta. Ba sifirin a ciki, faifan roba ne mai kauri ke riƙe da sandar, kana ƙara turawa yana ƙara tauri, kana saki ta koma tsakiya ta tsaya cak. Suwic ɗinsu masu harshe ne, yawanci na kamfanin Gersung, kuma bakin zagayayye ne, ba kusurwa. Robar ma mataki-mataki ce, akwai mai lamba 25, akwai 35, akwai 45, lamba na hawa tauri na ƙaruwa.

Sifirin JLF na asali bai kai fam ɗaya ba, 0.9 ne. Ga hannuna ya yi laushi da yawa.

Auta (Gyallesu):
To ai sai ka sa sifirin fam 2, ana sayar da shi. Ba sai ka canza sanda gaba ɗaya ba.

Ɗan Tekken (Kongo):
Ba ɗaya ba ne ƙanena. Sifirin mai tauri na gajiyar da wuyan hannu tun daga farkon tafiya, roba kuwa a tsakiya da sauƙi take, sai can gefe take ƙin tafiya. Ka zo Kongo ka taɓa tawa ka ji.

Kuma Malam mai shago, kar ka ɗauki gyaran nan ƙaramin abu. Arslan Ash na Pakistan, wanda ya ci manyan gasannin wasan faɗa na Evo Japan da Evo a Tekken duk a 2019, a gidajen gem na Lahore ya koyi wasa. Yaron da ke koyo a kan sandar da ba ta kama kwana, hannunsa ne ke lalacewa. Zai saba da dannawa da ƙarfi, ya saba da zagaye mai faɗi, ranar da ya samu sanda mai kyau sai ya sake koyo daga farko. Abin na ci min rai in na ga yara masu basira a Zariya suna dambe da inji maimakon abokin karawa.

Injiniya (Palladan):
Akwai abin da ya haɗa maganarku ku biyu. Suwic ɗin kansa na taimakawa wurin mayar da sanda tsakiya, domin sifirin cikinsa na turo bushin baya. Cherry D44X, wanda ake sa wa sandunan Amurka da na kamfanin IL na Sifen, giram 75 yake buƙata. Omron V-15-1C25 da ake samu a shagunan kayan lantarki na iya kai giram 200. Waɗancan sandunan manyan sifirai gare su, don haka suwic mai laushi ya ishe su. In ka ɗauki suwic mai laushi ka sa a sanda mai sifirin mai laushi, za ka saki sandar ta wuce tsakiya ta taɓo ɗaya ɓangaren, ɗan wasa ya yi taku baya ba ka sa shi ba. In kuma ka sa mai tauri guda ɗaya cikin masu laushi uku, kwanar da ta haɗa da shi za ta riƙa zamewa, sandar na gudun mai taurin. Don haka in za a canza, a canza huɗun iri ɗaya.

Anti (Wusasa):
Sallama gare ku. Ina karanta ku tun ɗazu. Ni tawa tambayar daban ce. Na haɗa wa yarana sanda a gida, nima nakan taɓa in sun kwanta, amma ƙarar ƙas-ƙas ɗin da daddare har ɗakin kakarsu. Akwai wanda ba ya ƙara, ban da irin na Baba?

Injiniya (Palladan):
Akwai, Anti. Hanya biyu ce. Sanwa ta yi JLF marar ƙara, wadda ke amfani da Omron D2RV. A cikinsa 'yan ƙarafa ne a rufe cikin gilashi, maganaɗisu ke haɗa su, don haka ƙura ba ta isa bakin haɗin. Girmansa ɗaya da na yau da kullum. Ta biyu ita ce mai aiki da haske, irin Perfect 360 ta kamfanin Happ, gindin sandar ne ke tare haske, ba abin da ke taɓa wani. Ita sai kin ja mata wutar 5V daban, kuma in ƙura ta rufe idon sai an goge.

Amma ki sani, rabin ƙarar ba daga suwic take ba. Dukan bushin a jikin get ne, da kuma akwatin da ke amsawa in ba komai a cikinsa. Ki fara liƙa soso a cikin akwatin, ki sa wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa, ki ji yadda za ta ragu kafin ki kashe kuɗi.

Anti (Wusasa):
Na gode ƙanena. Akwatin katako ne kafinta ya yi min, fanko ne kuwa. Zan fara da soson. Marar ƙarar ba ta rikita hannu?

Ɗan Tekken (Kongo):
Tana rikitawa da farko Anti, don ba ƙarar kaɗai ke tafiya ba, har ɗan tsallen da kike ji a tafin hannu. Ki buɗe wurin atisaye na wasan, ki kunna nuna abin da ake dannawa a gefen allo, idonki ya maye gurbin kunnenki har hannu ya saba. In a kwamfuta ne mai Windows, ki rubuta joy.cpl, zai nuna miki kowane motsi.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Tunda an zo maganar inda ake samu, bari in faɗa muku wata hanya. Suwic ɗin ƙofar maikirowef girmansu ɗaya da na sandar gem, ramukan sukurori ma ɗaya, bakin wayar ma yawanci mai faɗin milimita 4.8 ne. Masu gyaran kayan wuta na da su. Sai dai a duba, wasu ƙafa biyu gare su, kuma a cikin masu ƙafa biyun akwai wanda a haɗe yake sai an danna ya rabu, wannan ba zai yi ba. A sa mita a wurin ƙara, a danna, in ta yi kuka lokacin dannawa shi ne namu.

Gargaɗi: kar yaro ya je ya buɗe tsohon maikirowef da kansa don ciro su. Kafasitan ciki na riƙe wutar da ke kisa ko an cire filogi. A saya a hannun mai gyara.

Injiniya (Palladan):
Suna aiki Oga, amma ga inda nake da ja. Waɗannan an yi su ne don wuta mai nauyi, amfiya 15 ko 16, bakinsu azurfa ne, kuma tartsatsin wutar ne ke ƙone dattin da ke taruwa a kai. Bod ɗin gem 5V ne da 'yar wuta ƙanƙanuwa, ba ta ƙone komai. A takardar Omron, manyan nan mafi ƙarancin abin da aka tsara musu miliamfiya 160 ne a 5V, alhali D3V-01, mai bakin da aka haɗa da zinariya, daga miliamfiya 1 yake farawa. Shi ya sa za ka ga suwic na ƙas lafiya lau amma allo bai nuna komai ba, ko ya nuna sau biyu a danna ɗaya. Na biyun ana iya rufe shi a bod irin Raspberry Pi Pico mai manhajar GP2040-CE, akwai wurin saita ɗan jinkirin da ke tace rawar suwic, milisakan 5 yake zuwa da shi. In sai ka ɗaga shi sosai kafin suwic ya natsu, suwic ɗin ya mutu, canza shi za ka yi.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
A takarda haka ne Injiniya. A shago kuwa suwic ɗin da ake duka dare da rana ba ya samun zaman da datti zai kwanta masa, dukan kansa na goge bakin. Wanda ke mutuwa irin yadda ka ce shi ne na injin da aka rufe aka ajiye tsawon damina. Ga Anti da ke wasa jefi-jefi, mai zinariyar ya fi. Ga Malam, na azurfar ya ishe shi, kuma in ya lalace gobe zai samu wani a Sabon Gari ba sai ya jira saƙo daga Legas ba.

Mai Gidan Gem (Samaru):
Jama'a, ga inda aka kwana. Na cire bushin, gefe ɗaya ya cinye har ya yi kwari. Na sa masa robar da Oga ya ce, na ɗaure sukurori, na auna da rula kamar yadda Injiniya ya ce, harshe ɗaya ne kawai ya buƙaci filaya. Kwana huɗun na shiga yanzu. Ban canza suwic ko ɗaya ba. Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura tambaya ɗaya: wani yaro ya ce in sa get mai kusurwa takwas, wai ya fi sauƙin hadoken. In sa?

Auta (Gyallesu):
Ga sabon shiga yana da daɗi Yaya, don hannu na jin kowane ɓangare da ramin kansa.

Ɗan Tekken (Kongo):
Kar ka sa. Mai kusurwa huɗu ya fi ba kwana fili, sandar na shiga lungu ta danne biyun sosai. Mai takwas na yanke lungun, ya ƙara tsawon tafiya a sama da ƙasa da gefe, sai yaro ya koyi bin bango yana gurzawa. Wanda ya iya ba ya kai sandar bango a hadoken, ƙas ɗin yake bi. Kuma kai da matsalarka ta kwana ce, ka gyara ta yau, me zai sa ka rage mata wuri?

Auta (Gyallesu):
Amma masu Metal Slug fa? Su ba ruwansu da hadoken, harbi sama da tsugunne kawai suke so, kuma su ne suka fi yawa a shagon.

Oga Mai Gyara (Sabon Gari):
Su ko wanne ka ba su za su buga. Ka bar mai huɗun a duka biyun Malam, sanda biyu a inji ɗaya dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba rigimar wa zai tsaya a ina za ta dawo. Ka auna ta daman ma da rular nan, ka daidaita ta da ta hagun.

Kafin ka rufe injin, ka goge kwanon da sandar ke juyawa a kai, ka shafa giris na silikon ɗan kaɗan, iya abin da zai sa wurin ya yi sheƙi. Ban da giris ɗin mota, ban da baƙin mai, suna cin wasu robobin, kuma da yawansa ƙura yake tarawa ta zama laka. Kar ka fesa WD-40 cikin suwic.

Baba Mai Rediyo (Tudun Wada):
Ka duba faifan ƙurar nan baƙi da ke kwance a gindin sandar ta sama. Yara na fasa shi ko su cire, ramin ya zauna a buɗe, ɓawon gyaɗa da yashi duk ta nan suke gangarawa kan bushin, su ne ke cinye shi. In babu, ka yanka ɗaya daga murfin roba mai santsi, ramin tsakiyar ya zama daidai kaurin sandar. Ka yi biyu, ɗaya a saman allon ɗaya a ƙarƙashinsa, kafin iskar hunturu ta taso.